Motar Da Ƙoshi Ya Hana Ta Tashi

Akwai wata cuta da ke kama tsofaffin motoci masu kafireto wadda takan ruɗi mai mota, domin kamanninta na yunwa ne, alhali ƙoshi ne ya yi yawa. A murɗa makulli, inji ya yi ta juyawa ya ƙi kamawa. Abin da ke fara faɗo wa direba a rai shi ne mai bai iso ba, sai ya shiga taka totur yana saki, yana takawa yana saki. Bai san cewa a duk takun da ya yi, wani ɗan famfo da ke jikin kafireto yana tsarta ɗanyen fetur a maƙogwaron inji ba. Fulogin da ya riga ya jiƙe sai ya ƙara jiƙewa, jiƙaƙƙen fulogi kuwa ba ya ba da wuta. Makanikai su ce mota ta yi obafulo.

Motar da na fi sanin wannan hali nata ita ce Peugeot 504. A shekarar 1968 ta fito a Faransa, daga 1975 kuma aka shiga haɗa motocin Peugeot a Kakuri ta Kaduna, har 504 ta zama motar ma'aikaci, motar gwamnati, motar haya. Yawancin waɗanda suka yi yawo a hanyoyinmu masu kafireto ne, da yawansu ƙirar Solex. 'Yan kaɗan da suka rage a hannun masu ƙaunarsu sun cancanci a san ciwonsu.

Aikin kafireto guda ɗaya ne: ya gauraya fetur da iska daidai gwargwado. A ma'aunin nauyi, kashi ɗaya na fetur yana bukatar wajen kashi 14.7 na iska kafin ya ƙone ƙurmus. Idan fetur ya rinjayi iska, mota na iya tashi, amma za ta yi ta kai ƙara. Salansa ya riƙa fitar da baƙin hayaƙi mai sa ido yaji, silo ya ƙi zama, tanki ya riƙa ƙarewa kafin lokacinsa. A kula da launin hayaƙin: baƙi na fetur ne, shuɗi na baƙin mai ne, fari mai kauri wanda ba ya yankewa kuma ruwa ne ya shiga inda bai kamata ba. Sannan a kwance fulogi a duba bakinsa. Na lafiyayyen inji ruwan ƙasa ne, a bushe. Wanda fetur ya yi wa yawa za a gan shi da baƙin kunkunniya mai laushi da ke gogewa a yatsa, in kuma obafulo ne, a ji shi sharkaf yana warin mai.

Tushen matsalar galibi yana cikin ɗan ƙoƙon da kafireto ke tara fetur. A cikinsa akwai fulot, wani abu maras nauyi da ke iyo a kan man. Mai na shigowa yana tasowa, har ya tura wata 'yar allura ta toshe ƙofar shigowa. Allurar nan ba ta kai tsawon gaɓar yatsa ba, amma ita kaɗai ce a duk motar ke iya cewa ya isa. Ƙwayar tsatsa guda daga tsohon tanki, ko ɗan yashi daga galan ɗin 'yan bumburutu, in ta maƙale a bakinta, ƙofa ba za ta rufu ba. Haka in bakin allurar ya cinye har ya yi zobe da farce ke iya ji. Fulot ɗin ma yakan huje ya sha mai ya nutse. In na tagulla ne, girgiza shi kusa da kunne, za ka ji man yana motsi a ciki, ko ka tsoma shi a ruwan zafi, nesa da wuta, ka ga kumfa na fita ta inda ya huje. Wani lokacin duk waɗannan lafiya lau suke, sai dai an cire famfon mai na asali an sa na lantarki wanda ƙarfinsa ya fi ƙarfin allurar.

Wannan ruɗin na yunwa da ƙoshi ne ya daɗe yana ba ni tunani. Mu mutane, da abu ya tsaya mana, hannunmu ƙari ya sani. Manomin da ya zuba wa masara taki ya wuce kima yakan ga ganye ya soma ƙonewa daga gefe, ya ce yunwa ce, ya sake zubawa. Ba mugunta ta sa shi ba, tausayi ne da gaggawa. Amma tambayar da ya kamata ta riga hannu ita ce: rashi ne ke damun abin nan ko yawa? Amsarta ba ta da tsada. A mota dai, sunkuyawa ce kawai a shinshina, a kwance fulogi ɗaya.

Maganin obafulo na nan take ma ya saɓa wa abin da zuciya ke so. A taka totur har ƙasa sau ɗaya, a riƙe shi nan kada a saki, a tabbata cok a buɗe yake, sannan a murɗa makulli na 'yan daƙiƙoƙi. Iska ce ake ba hanya ta share man da ya taru. In ta ƙi, a bar ta ta huta, ko a fitar da fulogai a busar. Idan kuwa aka ga fetur na tsiyaya ta jikin kafireto zuwa kan inji mai zafi, kada a sake taɓa makulli, domin gobara ba ta sallama.

Abin da ke ɓata mini rai a wasu garejoji shi ne saurin kai sukudireba ga sukurun daidaita mai. Maigida ya ce wa yaronsa, "Kai, rage mata mai," yaro ya murɗa, silo ya ɗan lafa, a karɓi kuɗi. Sukurun nan ikonsa a silo yake. Bai isa ya gyara man da ya cika ƙoƙo ya malala ba, kuma da mota ta hau titi ciwon zai dawo. Wanda ya fi wannan muni shi ne mai tsokalar jet da wayar ƙarfe wai yana wanke shi. Jet tagulla ne mai laushi, an auna ƙofarsa da lamba a rubuce a jikinsa, in ta faɗaɗa ba ta komawa. Iska mai ƙarfi da man wanki sun wadatar.

Makanikin kirki daga waje yake farawa. Ya duba matatar iska, wadda ƙurar hunturu ke toshewa har inji ya riƙa zuƙo mai fiye da kima. Ya duba ko cok ya maƙale a rufe. Ya gwada wuta, domin raunin kwayil ko cinyayyen kwantak ma suna baƙanta fulogi a ɗora wa kafireto laifin da ba nasa ba. Sai bayan nan ya buɗe murfin ƙoƙo, ya auna tsayin man, ya canza allura, ya sa sabuwar filta tsakanin tanki da famfo don kada dattin jiya ya dawo gobe. Sukurun daidaitawa shi ne na ƙarshe, kuma sai inji ya ɗauki zafi.

Saura ɓarna ɗaya da ba a gani da ido. Fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke baƙin man da ke jikin silinda, ringi su yi ta gogar ƙarfe a bushe, sannan ya zurara ƙasa ya tsinka man injin gaba ɗaya. Don haka bayan an gama gyara a zaro gejin mai a shinshina. In man yana warin fetur, ko ya haura alamar cika ba tare da an ƙara masa ba, a juye shi a zuba sabo kafin motar ta bar gareji. In kuma warin ya dawo bayan kwana biyu, a duba robar cikin famfon mai na asali, domin idan ta yage takan zubar da fetur kai tsaye cikin inji.