Kafin Katafila ta Iso: Nasiha kan Tsofaffin Gine-ginenmu



Ranar Juma'a 11 ga Agustan 2023, ana tsaka da sallar la'asar, wani sashe na babban masallacin Zariya ya rufta a kan masallata, aka rasa rayuka. Allah ya jiƙansu. A farkon Satumban 2024 kuma ruwan sama kamar da bakin ƙwarya ya kwantar da tsohon masallacin birnin Damagaram, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19. Waɗannan biyu duniya ta ji labarinsu saboda sunansu ya kai. Amma kowace damina akwai zauruka da soraye da masallatan unguwa da ke zubewa a Kano da Katsina da Daura da Sakkwato da Agadas ba tare da ko gidan rediyo ya ambace su ba. A kwashe ƙasar a cike rami da ita, shi ke nan. Bayan shekara goma ka tambayi yaron gidan yadda zauren kakansa yake, sai dai ya yi maka kwatance da hannu.

Ginin ƙasa ba ya faɗuwa rana ɗaya. Indararo ne ke fara toshewa da leda da ganye, ruwa ya kwana a kan rufi, ya ratsa ƙasa ya kai ga azara, gara ta samu hanya. Rawanin soro ya tsage, zanko ya karye, mai gida ya ce sai bayan damina. A da akwai yaɓen shekara-shekara. Ana shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, rufi kuma a bi shi da laso, haɗin katsi daga marina da gashin jima da dafara. Yau marina ta ragu, magina sun tsufa, sai mai gida ya sayo siminti ya yaɓa a kan tubali yana ganin gata ya yi wa gidansa. Siminti kuwa ba ya kama jikin ƙasa. Danshi ke taruwa a bayansa, wata rana ya ɓamɓare ya tafi da fuskar bangon har da dagin da aka zana a kanta. Wanda ya tsira daga ruwa kuma rabon gado na jiransa: a sayar, katafila ta zo, kafin ka ankara jerin shaguna ya tsaya a wurin. Ko hukuma ba ta bar tsofaffin gine-gine ba. A 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa a Kano don faɗaɗa titi, aka mayar da wata ta zamani a madadinta. Badalar Kano da Sarki Gijimasu ya fara ginawa wajen shekara 900 da suka wuce, kowa na ganin yadda ake yankar ta fuloti-fuloti, masu ɗibar ƙasa kuma na cin gindinta.

Ba na zo in hana kowa gina gidan bulo ba. Wanda ɗakinsa ke yoyo a kan 'ya'yansa ba ya bukatar wa'azin tarihi daga wanda ke kwana ƙarƙashin kwano. Abin da nake roƙo ƙarami ne, kuma yana cikin aljihun kusan kowa: a ɗauki hoton ginin tun yana tsaye, a rubuta sunansa da labarinsa, a ajiye a inda ba zai ɓace ba.

Kada wani ya raina wannan aiki. Masallacin Zariya da na ambata, Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, a shekarun 1830. A shekarun 1970 aka lulluɓe shi da sabon gini, siffarsa ta waje ta tafi. In yau ɗalibin zanen gini na son sanin yadda yake tun asali, ina zai nufa? Sai ya nemi aikin wani mutumin ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, wanda ya yi shekaru yana yawo da ma'aikatansa 'yan Najeriya suna auna gine-ginen gargajiya da igiyar awo, suna zanawa, suna ɗaukar hoto. Bayan rasuwarsa aka buga aikin cikin littattafai uku a 1990, na farko a kan Arewa. Da irin wannan awo aka gina kwafin masallacin a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Allah ya saka masa gwargwadon aikinsa, amma abin da kunya a ce baƙo ne ya tsallako teku ya auna mana zauren gidanmu, mu kuwa muna zaune a dakalinsa muna hira. Haka a Tumbutu. Da masu ɗauke da makamai suka rushe hubbarorin malamai a 2012, maginan garin ne suka sake tayar da su a 2015, kuma abin da ya taimake su shi ne tsofaffin hotuna da takardun awo da abin da dattawa suka riƙe a ka. Da babu waɗannan, da sai dai a gina wani abu dabam a laƙa masa tsohon suna.

Na san za a ce ai muna ɗauka. Gaskiya ne, ba a taɓa ɗaukar hoto a ƙasar Hausa kamar yanzu ba. Amarya da ango sun je Gidan Ɗan Hausa sun tsaya jikin bango, matasa sun hau Dala sun juya wa birni baya sun yi murmushi. To amma a irin wannan hoto ginin ɗan rakiya ne, rabinsa ma babbar riga ta rufe shi. Sannan ina hoton yake zuwa? Ya shiga WhatsApp, wanda ke matse shi har ƙananan zane su dushe. Ya hau Facebook, kwana biyu ya nutse ƙarƙashin rigimar siyasa. Waya ta faɗa ruwa ko ɓarawo ya fizge ta a kasuwa, an gama.

Akwai rumbun da aka yi musamman don wannan. Sunansa Wikimedia Commons, ɗan'uwan Wikipedia ne, an buɗe shi a 2004, yau yana ɗauke da hotuna da sauti da bidiyo sama da miliyan 100, kuma 'yan sa-kai ne suka tara mafi yawansu ba tare da an biya su ko sisi ba. Kowa na iya buɗe asusu kyauta ya ɗora hoton da ya ɗauka da hannunsa. Sharaɗin shi ne ka yarda kowa ya yi amfani da shi, malami a aji ko ɗan jarida ko mai buga littafi, muddin zai ambaci sunanka. Wasu na jin ciwon wannan, suna cewa wani zai ci riba da guminsu. Ni dai ban ga ribar da hoto ke kawowa yana kwance cikin waya ba. A 2010 wasu 'yan sa-kai a ƙasar Holan suka fara gasar ɗaukar hoton wuraren tarihi mai suna Wiki Loves Monuments. Shekara guda bayan nan ta bazu a Turai, aka tara hotuna sama da 168,000 cikin wata ɗaya, har ta shiga kundin bajinta na Guinness. Ana yin ta duk shekara, galibi a watan Satumba, kuma 'yan Najeriya na shiga. Muna da Wikipedia ta Hausa, muna da matasa masu ƙoƙari da ke rubutu a cikinta. Amma ka nemi hoton wani ƙaramin cocin ƙauye a Faransa, za ka same shi ta gabas da yamma, ciki da waje. Ka nemi masallacin unguwarku da ya haura shekara 150, da ƙyar ka ga ko ɗaya.

Kuma kada mu tsaya kan 'yan wuraren da kowa ya sani. Hasumiyar Gobarau da Gidan Makama da rijiyar Kusugu da hasumiyar Agadas sun samu masu ɗaukarsu, ko da yake su ma ba su ƙoshi ba. Jerin wuraren tarihi da hukumar gidajen tarihi ta Najeriya ta ayyana ya daɗe a kan 65 a faɗin ƙasar gaba ɗaya. Gidan fatake na unguwarku ba ya ciki. Zauren malamin da ya karantar da rabin garinku ba ya ciki, haka tsohuwar kotun alƙali, da tashar jirgin ƙasa da ta zama makwancin awaki, da ɗakin ajiyar gyaɗa na zamanin kamfanonin Turawa, da karofin da aka daina rini a cikinsa. Waɗannan ba wani jami'i da zai taso daga Abuja ko Yamai dominsu.

Ga matasa masu waya, ku yi aikin da kyau ko don kada a sake shi. Ku je da hantsi ko bayan la'asar, lokacin da rana ke dukan bango a karkace, tudu da kwarin zane su fito. Da tsakar rana bango fari fat yake fita, ba a ganin komai. Ku ja da baya ku ɗauki ginin gaba ɗayansa tare da abin da ke maƙwabtaka da shi, sannan ku zagaya kowace kusurwa. Ku matso ku ɗauki ƙofa da ƙusoshinta, da tagogi, da zankwaye, da bakin indararo. In an ba ku izinin shiga, ku ɗaga kai, domin gwanintar maginin Hausa a sama take: yadda bakan gizo ke tasowa daga bango ya haɗu da ɗan'uwansa a tsakiya, ɗaurin guga, jeren azara da aka shimfiɗa kamar saƙa, wani lokaci da tasa ko faranti a manne a ƙololuwa. Ku sa wani ya tsaya a gefe ko ku jingina sanda don a gane tsayi. Tsagewa da zaizaya ma ku ɗauka, kada ku ɓoye, kuma kada ku bi hoton da kwalliyar manhaja har jar ƙasa ta koma ruwan lemo. Sai babban abu, wanda a nan aka fi yin sakaci: bayani. Hoton da aka rubuta wa "tsohon gida a Arewa" maraya ne. A rubuta sunan gidan, da unguwa, da gari, da ranar da aka ɗauka, da ɓangaren da ake kallo, da Hausa da kuma Turanci ko Faransanci in an iya. Abin da ba ku tabbatar ba kada ku rubuta shi a matsayin tabbas. Mun iya kai kowane tsohon bango shekara dubu, alhali wani kakan mai gidan ne ya gina shi bayan zuwan Turawa, kuma hakan bai rage masa daraja ba. Kada kuma ku kwafo hoton wani daga intanet ku ce naku ne. Masu lura da rumbun za su goge shi, kuma sata ce ko ba a goge ba.

Iyayenmu dattawa, yaro na da waya amma ba shi da labari, ku kuwa labarin na wurinku. In ya zo da tambaya kada a kore shi a ce zamani ya lalata shi. A zaunar da shi a gaya masa wa ya gina, wane sarki ke kan gado a lokacin, daga wane kududdufi aka ɗebo ƙasar, wace shekara aka sauya rufi. In kun yarda ya naɗi muryarku, ya fi. Ku kuma buɗe adaka. Akwai hotunan hawan salla da na naɗin sarauta da na ɗaurin aure na shekarun 1950 da 1960 waɗanda, a bayan mutanen da ke ciki, ana hango ƙofofi da soraye da babu su yau. Irin waɗannan sai an nemi yardar mai ɗaukar ko magadansa kafin a ɗora, amma ko ba a ɗora ba a sake ɗaukarsu a adana. Masu tunanin hukuncin hoto kuma, saɓanin malamai a kan mai rai yake, bango ba shi da rai.

Akwai rabin ginin Hausa da namiji baƙo ba zai taɓa gani ba. Daga shigifa zuwa ciki duniyar mata ce: ɗakin amarya da jerensa, rumbu, madafi, daɓen da aka yi da makuba yana sheƙi, zanen da uwargida ta yi da hannunta a bakin ƙofa. Littattafan da baƙi suka rubuta sun fi yawaita a zaure da fada da masallaci saboda nan ƙafarsu ta tsaya. 'Yan mata da matan aure masu waya, wannan fagen naku ne, da yardar masu gida, ba tare da an nuna fuskar wanda bai so ba. Izini dai wajibi ne a kan kowa. A fara da mai unguwa, a gaida mai gida, a faɗi abin da za a yi da hoton. In an ce a'a, a yi godiya a wuce.

Malaman jami'a, ku ma da naku laifin. Wikipedia ba ta karɓar "na ji daga kakana" a matsayin hujja, sai abin da aka buga. Ga kundayen digiri nan jibge a Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero da ta Usmanu Danfodiyo, ga takardu a Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna, ƙura na cin su. Ku fito da su, ku buga, ku sa ɗalibai su taƙaita da Hausa. Ɗalibin zanen gini da aka tura ya auna gida ɗaya a garinsu lokacin hutu ya ɗora zanen, ya yi abin da zai amfani mutane fiye da jarrabawar da zai manta.

Hoto dai ba ya tare ruwa. Masu hali da masu sarauta da ke kashe miliyoyi a biki ɗaya, kuɗin yaɓen zaure guda bai kai na abincin 'yan rakiya ba. Ku nemo Sarkin Magina na garinku ku ba shi aiki, ya zo da yaransa su koya a kan bango na gaske. Ranar da za a yi kwaɓin kuma a kira masu waya su tsaya a kai tun daga jiƙa ƙasa, su naɗi bayanin tsohon yana faɗin kwana nawa ake barin ta ta ruɓa, da yawan ciyawar da ake zubawa, da yadda yake gane ta yi in ya taka ta da ƙafa.