Gurbin Ƙarfe Shida

Wata biyu cur bayan an kore ta, Sista ba ta daina goge fararen kayanta ba. Kullum da sassafe sai ta saka su, ta ɗora hijabi, ta durƙusa ta gai da surukarta, ta hau a-daidaita-sahu zuwa gidan wata ƙawarta, ta zauna can har la'asar. Maigidanta kaɗai ya san an sallame ta, shi ma rabin labarin ta ba shi. Ta ce masa sharri aka yi mata.

Shekara 9 ta yi tana jinya da karɓar haihuwa, 6 daga ciki a wani asibitin kuɗi a Kano. Ranar da abin ya faru aikin dare take, ita kaɗai da mai shara a ɗakin haihuwa, kuma akwai wata yarinya mai cikin fari da jijjiga ta kama, ana yi mata allurar magnesiyam. Duk wadda ta yi ɗakin haihuwa ta san ƙa'idar wannan allura. Bayan ta farko, giram 5 ake yi a ɗuwawu duk bayan awa 4, ana canza ɓangare, har awa 24 bayan haihuwa ko bayan jijjigar ƙarshe. Kafin kowace allura sai an buga ƙasan gwiwa an ga ƙafa ta harba, an ƙirga numfashi kada ya gaza 16 a minti ɗaya, an duba ledar fitsari, domin ta ƙoda maganin yake fita. In ya taru a jiki, numfashi yake kamawa.

Ƙarfe shida na asuba ta yi allurar. Ko sirinji ba ta ajiye ba aka ƙwala mata kira, wata mai jego na zubar da jini. Ta ruga, ba ta rubuta ba. Da safe ta miƙa aiki a gurguje ga wata sabuwar nas da watanta huɗu da farawa. Wannan ta buɗe fayil, ta ga gurbin ƙarfe shida babu komai, ta ɗauka an tsallake, ta yi wata allurar. Fitsarin mara lafiyar dama ya yi ƙaranci. Kafin hantsi numfashinta ya sauka, sai da likita ya yi mata allurar kalsiyam gulukonet, makarin maganin, sannan Allah ya dawo da ita.

Mantuwa a dare irin wannan, nas ɗaya a kan gado takwas, laifi ne da asibitin ma yake da kaso a ciki, kuma duk mai adalci zai faɗi haka. Abin da ya biyo baya kuwa nata ne ita kaɗai. Da ta dawo aiki da yamma ta ji labari, sai ta ɗauki fayil ɗin, ta cike gurbin, ta sa hannu. Washegari a gaban kwamiti ta ce ai ta rubuta, yarinyar ce ba ta duba ba. Sabuwar nas ɗin tana tsaye a gefe tana kuka. Ramin ƙarya ƙurarre ne: likita ya riga ya ga gurbin tun da safe, kuma duk rubutun daren da shuɗin biro aka yi shi, wannan layi ɗaya da baƙi. Kafin azahar aka miƙa mata takardar kora.

Goggonta ce ta gano ɓuyan da take yi. Yayar mahaifinta ce, tsohuwar matiron da ta yi ritaya. Ta same ta a gidan ƙawar, ta dubi fararen kayan, ta ce, "'Yar nan, gaya mini abin da kika yi. Ban tambaye ki abin da aka yi miki ba."

Sista ta fara da yawan aiki da ƙarancin ma'aikata. Goggo ta bar ta ta gama, ta ce, "Na ji. Sai kuma me?" Sau uku tana tambaya kafin maganar biro ta fito.

"To, yanzu muka fara magana," in ji Goggo. "Aiki suka karɓe. Lasisinki na Hukumar Jinya da Ungozoma yana nan, ba su kai ki Abuja ba, ki gode wa Allah. Amma hannun da ya cike gurbin nan ba zan yarda ya taɓa kowa ba sai an wanke shi."

Wankin farko shi ne ya fi ɗaci. Goggo ta sa ta gaya wa maigidanta da surukarta gaskiya a daren nan. Ranar Juma'a kuma ta raka ta har ƙofar gidan su sabuwar nas ɗin, ta tsaya a zaure. Sista ta shiga, ta zauna a ƙasa gaban wadda ta girme wa da shekara goma, ta ce, "Ƙanwata, na ɗora miki abin da ba ki yi ba. Ki yafe mini." Yarinyar ta daɗe ba ta ɗago kai ba. Daga baya ta ce, "Anti, tun ranar ko allurar zazzaɓi zan yi sai hannuna ya yi rawa." Ta yafe, amma ba ta yi murmushi ba, Sista kuma ba ta nemi fiye da haka ba.

Daga nan Goggo ta kai ta wani ƙaramin asibitin sha-ka-tafi a ƙauye, inda incaji tsohon ɗalibinta ne, ta ce a ɗauke ta aikin sa-kai. Babu albashi, sai ɗan kuɗin mota. Wadda ta saba da ɗakin haihuwa ta koma ɗora jarirai a sikeli, da gwada jinin masu awon ciki, da cike katin rigakafi: sati 6, sati 10, sati 14, sai ta ƙyanda a wata 9. Makonnin farko ba ta iya zuƙar allura sai ta karanta kwalba sau huɗu, gumi na keto mata. Wata rana ta fita bayan ɗaki ta yi kuka don kawai wata uwa ta kira ta likita.

Doka ɗaya Goggo ta kafa mata: "Kada ƙafarki ta ɗaga daga gaban gado sai biro ya sauka. In kuma kin manta, ki rubuta lokacin da kika tuna, ki ce a makare kika rubuta." Sista ta ɗaure biron da zare a wuyanta. A cikin wannan shekarar ta halarci kwas ɗin ƙarin ilimi da ake nema kafin sabunta lasisi, ta zauna a layin gaba kamar 'yar aji ɗaya. Sannu a hankali rawar hannun ta ragu, ba ta ma san ranar da ta daina ba.

A wata na takwas, cikin damina, aka kawo wata mai ciki a amalanke bayan isha'i. Jikinta na karkarwa, kumfa a baki, kakarta na ƙoƙarin cusa mata cokali tsakanin haƙora tana cewa iskokai ne. Incaji ba ya nan. Sista ta ce, "Iya, cire cokalin nan, ki riƙe mini fitila." Ta kwantar da ita ta gefen hagu, ta gwada jini ta ga 170 bisa 110. Ta buɗe kabad. Ga kwalaben magnesiyam nan a jere.

Wannan magani ba abin tsoro ba ne ga wadda ta san shi. Kafin zuwansa Valium ake yi wa masu jijjiga, Goggo ta sha ba ta labarin matan da suka rasa a wancan zamani. Wani babban gwaji da aka buga a 2002, kan mata sama da dubu 10 a ƙasashe 33, ya nuna yana rage haɗarin jijjiga da fiye da rabi ga masu hawan jinin ciki. Duk Sista ta san wannan. Amma da ta miƙa hannu sai gabanta ya faɗi, fayil ɗin nan ya dawo mata da baƙin layinsa. Ta yi bisimilla ta fasa kwalba. Giram 4 ta jijiya, a hankali, idonta a kan agogo. Giram 5 a kowane ɗuwawu. Ta sa robar fitsari, ta ƙirga numfashi, kuma kafin ta juya ta jawo biron wuyanta ta rubuta lokaci da adadi, ta sa hannu. Ita ta zauna a bayan motar da aka samo har babban asibiti, ta miƙa takardar hannu da hannu, ta faɗa da bakinta ƙarfe nawa allura ta gaba za ta cika. Uwa da ɗa duk suka rayu.

Bayan shekara guda aka buɗe ɗaukar ma'aikata a wani asibiti. A wurin tantancewa wata matiron mai tabarau ta tambaye ta dalilin barin aikinta na baya. Ƙawaye sun ba ta shawara ta ce rainon yara ne. Ta ce, "Ranki ya daɗe, kora ta aka yi. Na yi allura ban rubuta ba, na dawo na cike gurbin, na ɗora wa ƙaramar ma'aikaciya." Ta faɗi abin da ta yi tun daga ranar, ta miƙa takardar shaidar incaji. Ba su ɗauke ta ba. Asibiti na biyu ma haka. A na uku aka ce ta fara da gwajin wata shida.

Yanzu shekararta huɗu a can, ita ake ba wa ɗalibai in sun zo koyon aiki ɗakin haihuwa. Ranarsu ta farko takan zaunar da su ta ba su labarin gurbin ƙarfe shida da bakinta, ba ta rage komai, sannan ta raba musu zare su ɗaure birukansu.