Tsohon Gwangwanin Albarushi da Mai Gadin da ke Cikinsa

A Amurka akwai wata sana'ar hannu da ba mu saba da ita ba, wato mutum ya zauna a garejin gidansa yana ɗura wa kansa harsashi. Doka ta yarda masa muddin don amfanin kansa ne, ba na sayarwa ba. Idan ya dawo daga filin koyon harbi ba ya zubar da kwanson. Sai ya tsince shi ya goge, ya gyara masa baki, ya sauya ɗan maɓallin gindinsa mai ba da tartsatsi, ya auna albarushi ya zuba, sannan ya danna sabon kan dalma. Wasu rangwame suke nema, wasu harsashin da ya fi dacewa da bindigarsu, wasu kuwa suna da tsohuwar libarba ce da kamfanoni suka daina yi wa harsashi.

Akwai tambayar da ba ta ƙarewa a tsakaninsu. Mahaifi ya rasu, an buɗe kabad ɗinsa, sai ga gwangwanin albarushi rabi, da tambarin kamfanin Hercules a jikinsa. Tun 1995 wannan kamfani ya sayar wa kamfanin Alliant ɓangaren albarushi na kasuwancinsa, ke nan gwangwanin ya ba shekara 30 baya ko ya kusa. Magaji ya ɗauka ya jijjiga, ya ji garin yana motsi lafiya lau, sai ya ce: shin zan iya ɗura harsashin ƙaramar bindigata da wannan?

Ta fuskar suna dai babu abin tsoro. Albarushin da ake kira Unique yana kasuwa tun 1900, Bullseye ma tsararsa ne, kuma duka biyun kamfanin Laflin & Rand ne ya fara yin su. DuPont ya haɗiye wannan kamfani a 1902, kotu ta ce DuPont ya yi babakere, aka gutsuro Hercules daga jikinsa a 1912, sunayen suka bi shi. Wani mai lamba 2400 ya fito a 1932, kuma da shi ne wani mai suna Elmer Keith ya yi ta gwaje-gwajen da suka haifi harsashin .44 Magnum a tsakiyar shekarun 1950. Har gobe ana sayar da su ukun. Masu gunaguni suna cewa Unique yana barin baƙi a bindiga, kuma ba ya zuba sumul a ma'auni saboda ƙwayarsa fale-fale ce, amma ba su daina saye ba.

Matsalar tana cikin gwangwanin ne, kuma sai an san abin da albarushi marar hayaƙi, irin wanda ke cikinsa, yake kafin a gane ta. Irin wanda 'yan bindiga ke harbawa a hawan salla, wato baƙin albarushi, gauraye ne na gawayi da farar wuta da wani gishiri. Idan bai sha ruwa ba, yana iya shekara ɗari bai canza hali ba, domin kowane ɗaya daga cikin ukun zaman kansa yake yi. Marar hayaƙi kuwa wani abu ne dabam. Bafaranshe Paul Vieille ne ya fito da shi a 1884 daga auduga da aka sarrafa da asid, sojojin Faransa suka sa shi a bindigar Lebel ta 1886, Alfred Nobel ya zo da nasa a 1887, Ingila ta biyo da nata a 1889. Ƙarfinsa ya ninka na tsohon, kuma ba ya tona asirin inda mai harbi ya ɓuya. Amma tun ranar da aka gama yin sa yake fara ruɓewa, sannu a hankali, yana fitar da wani tururi mai tsami. Muguntar abin ita ce wannan tururi shi ke ƙara hanzarta ruɓewar. Tsami ya haifi tsami, zafi ya taru, in garin yana da yawa kuma iska ba ta shiga, sai ya kama da wuta ba tare da kowa ya kusance shi da ashana ba.

Faransa ce ta biya kuɗin wannan karatu. A watan Maris na 1907 jirgin ruwan yaƙi Iéna ya tarwatse a tashar Tulon, mutum fiye da 100 suka halaka. A watan Satumban 1911, a wannan tasha dai, jirgin Liberté ya bi sahu, ya tafi da fiye da 200. Babu abokin gaba a kusa ko ɗaya. Bincike ya ɗora laifin a kan albarushin da ya lalace a rumbunan jiragen.

Maganin da masana suka tsaya a kai shi ne a cuɗa wani sinadari kaɗan a cikin garin tun a masana'anta. Wanda ya fi shahara sunansa diphenylamine, kuma bai cika wuce kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari ba. Aikinsa ɗaya ne, ya shanye tsamin nan da zarar ya fito, yadda kanwa ke kashe tsamin yakuwa a tukunya. Ba ya ƙara wa harsashi gudu, ba ya ƙara masa ƙara, mai harbi ba zai taɓa sanin yana nan ba. Gadi kawai yake yi. Sai dai duk tsamin da ya sha, wani ɓangare na jikinsa ya tafi ke nan. Ranar da ya ƙare, garin yana nan da kamanninsa da nauyinsa da sunansa a jikin gwangwani, amma babu mai riƙe da shi.

Wannan shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai a duk lamarin. Mukan ɗauka cewa abu in ya tsufa rauni yake yi, iyakarta ya ƙi aiki. A nan ba ƙarfin ne ke fara ƙarewa ba, linzamin ne. Kuma kusan kowane gida da kowace ma'aikata suna da irin wannan mai gadi. Akwai uwargidan da ke haɗiye maganar da in ta mayar da ita gida zai kama da wuta. Akwai dattijon da ke bi tsakanin 'yan'uwa yana rage wa saƙo zafi kafin ya isar da shi. Akwai ƙaramin ma'aikacin da ke toshe ɓarakar manya ba tare da an sani ba. Saboda zaman lafiya ya daɗe, sai a ɗauka haka Allah ya yi gidan, ba a lissafa cewa wani ne ke biya da jikinsa. In ya gaji ko ya rasu, sai ka ji ana cewa abin ya zo ba zato, alhali shekara da shekaru yana zuwa. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse, gaskiya ne, amma ba a cika tambayar itacen wa ake ƙonawa ba.

Sojoji dai ba su bar abin ga zato ba. Lokaci-lokaci sukan ɗebi samfuri daga kowane rukuni na albarushin da suka ajiye, a kai ɗakin gwaji a auna yawan sinadarin da ya saura. In ya yi ƙasa da mizanin da aka yanke, sai a lalata rukunin gaba ɗaya, komai tsadarsa. Mai gareji ba shi da ɗakin gwaji, hancinsa da idonsa kawai gare shi. Ƙungiyar masana'antun bindiga da harsashi ta Amurka, SAAMI, wadda aka kafa a 1926, ta faɗi abin da zai duba. Lafiyayyen gari yana da ɗan ƙanshi irin na sifirit, ko ma babu wari sam. Wanda ya lalace warinsa mai tsami ne, yana yaƙushin hanci. Tsofaffin hannu sun ƙara da cewa a duba ko akwai ƙura ja kamar tsatsa, ko murfin ya ci daga ciki, ko garin ya dunƙule. Ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a haƙura da shi.

Shi ya sa tambayar "shekararsa nawa" ba ta kai tambayar "a ina ya kwana" muhimmanci ba. Zafi ne ke cinye mai gadin da sauri. Gwangwanin da ya shekara arba'in a ɗaki mai sanyi da bushewa yana iya fin wanda ya yi bazara biyar a ƙarƙashin rufin kwano lafiya. Shaida kuwa ga ta: a 1947 wani mutumin Kansas mai suna Bruce Hodgdon ya sayi nauyin fam 50,000 na albarushin da ya yi saura daga Yaƙin Duniya na Biyu, ya riƙa sayar wa masu ɗuri kaɗan-kaɗan. Da ragowar yaƙi ya gina kamfanin da yau yake cikin manya a wannan fage. Tsufa kaɗai bai zama aibi ba.

To a ce hanci ya gamsu, ido ya gamsu. Saura wata matsala, kuma ita ce ta fi cin mutane. Wa ya tabbatar cewa abin da ke ciki shi ne abin da aka rubuta a waje? Marigayin yana iya juye ragowar wani gari a wannan gwangwani don ya rage tarkace, ya bar wa ransa sani, sanin kuma ya tafi da shi kabari. Garin bindigar hannu mai saurin ci ne, na doguwar bindiga mai jinkiri, kuma ido ba ya raba su da tabbas. Ƙa'idar masu wannan sana'a a nan ba ta da sassauci: gwangwanin da aka buɗe, ba ka san hannun da ya bi ta kansa ba, ba a ɗuri da shi. Ina ganin sun yi daidai, ko da mai gwangwanin mahaifinka ne. Girmama mamaci dabam, amincewa da murfin da ya rufe dabam.

Littafin awon ɗuri da aka gada tare da gwangwanin ma yana da nasa zancen. A da ana auna matsin da harsashi ke yi ne da ɗan guntun jan ƙarfe, a duba yadda harbin ya matse shi. Da na'urorin lantarki suka zo, sai aka ga wasu awon da tsofaffin littattafai suka halatta sun wuce kima, aka rage su. Littafin kamfanin Speer na takwas, na 1970, har yau ana ba da labarin zafin awonsa. A 2008 ma Alliant ya fito ya gargaɗi jama'a su daina sa garinsa Blue Dot a harsashin .41 Magnum, bayan an daɗe ana yi. Don haka mai hankali sabon littafi yake buɗewa ko da garinsa tsoho ne, ya fara daga awo mafi ƙanƙanta, ya rubuta lambar rukunin da ranar da ya yi aikin.

Kuma awon nan ba na wasa ba ne. Ma'aunin masu ɗuri shi ne giren, wanda 7,000 ne ke cika fam ɗaya. Kwanson .38 Special an tsara shi ne a 1898 don baƙin albarushi mai cin wuri, saboda haka in an zuba masa gari mai saurin ci, ɗan kaɗan ne ke kwanciya a ƙasa. Mutum na iya zubawa sau biyu bai lura ba, don kwanson bai cika ba balle ya zube. Libarba da yawa sun rabu biyu ta wannan hanya, ba don garin ya tsufa ba, sai don wani ya yi wa mai ɗurin magana ya waiwaya.

A Najeriya wannan sana'a ba ta da gurbi. Dokar makamai ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin haramtattun bindigogi, kuma haɗa harsashi ba da izini ba laifi ne. Inda zancen ya shafe mu kai tsaye shi ne wajen maharba da 'yan bindigar sarakuna, masu ɗura bindigar toka ta baki da awon da hannu ya saba. Wannan awo na baƙin albarushi ne kaɗai. Duk wanda ya fasa harsashin zamani ya juye garinsa a bindigar da maƙeri ya ƙera, sabon gari ne ko tsoho, bututun ba zai ɗauki matsinsa ba, kuma a hannunsa da fuskarsa zai fashe. Maharbi, kada ka gwada.