Abin da ke Gefen Lambar Yabo

In ka miƙa wa gwanin tara lambobin yabo wata lamba ta zamanin Sarauniya Biktoriya, wadda ta mulki Birtaniya daga 1837 zuwa 1901, da ƙyar zai kalli fuskarta. Karkata ta zai yi ya duba gefe, domin a siririn bakin nan ake buga sunan sojan da aka bai wa, da muƙaminsa, da rundunarsa.

Lambobin iri biyu ne. Akwai na tunawa da manyan hafsoshi, waɗanda 'yan kasuwa suka riƙa bugawa suna sayarwa duk lokacin da jama'a suka ɗauki ɗoki: Janar Gordon da aka kashe a Khartum a 1885, ko Baden-Powell bayan an kawo ƙarshen ƙawanyar da aka yi wa Mafeking a 1900. Fuskokin sanannu ne, amma an buga su da yawa, galibi da ƙarfe mai araha, shi ya sa yawancinsu ba su da tsada a yau. Sai kuma lambar kurtun da ba wanda ya san shi. In aka bi sunan da ke gefenta cikin kundin runduna aka tarar mutumin yana Rorke's Drift ranar da Zulu suka auka wa wurin a 1879, to a wajen gwanjo sai mai hannu da shuni. Azurfar dai ba ta fi ta sauran ba.

Wannan ne ya sa lambar Kamfanin Neja, wato Royal Niger Company, take tsaya mini a rai. An fitar da ita a 1899, da kan Sarauniya a fuskarta, domin yaƙe-yaƙen kamfanin daga 1886 zuwa 1897, shekarar da shugaban kamfanin, George Goldie, ya kai yaƙi Bida da Ilori. Hausawa da dama ne suka riƙe masa bindiga, ko mun so jin haka ko ba mu so ba. Turawa aka bai wa ta azurfa, da sunan kowa a gefe. Sojoji baƙar fata kuwa ta tagulla suka samu, kuma abin da aka buga a gefenta lambar aiki ce kawai.

Mai tara kayan tarihi zai iya bin sawun hafsan Bature har garinsu, wani lokaci har da hotonsa. Na tagullar kuwa, ko ɗan Kano ne, ko bawa ne da ya tsere ya shiga soja, gefen lambarsa bai faɗa ba.