HAƊIN KAI, AMMA A KAN ME?

Yau gidan maƙwabta za mu leƙa, ba don mu yi musu dariya ba. Tambayar da ta raba Kiristoci mabiya ɗarikar Angilika ce ta tsaya min a rai: idan jama'a ta saɓa a kan halal da haram, me zai ci gaba da riƙe ta a matsayin jama'a ɗaya?

A 1998 bishop-bishop ɗinsu na duniya suka taru a taron Lambeth a Ingila, suka zartar cewa luwaɗi da maɗigo sun saɓa wa littafinsu, da ƙuri'a 526 a kan 70. Shekara biyar kacal, a 2003, reshensu na Amurka ya naɗa Gene Robinson bishop, alhali yana zaune da namiji ɗan uwansa a fili. Babu mai ikon hana su, domin Akbishop na Kantabari ba kamar Paparoma ba ne, girma ake ba shi kawai, kowane reshe cin gashin kansa yake yi. A 2008 Peter Akinola, shugaban reshen Najeriya a lokacin, yana cikin waɗanda suka ƙaurace wa Lambeth suka yi nasu taron a Ƙudus. Ikon Allah, waɗanda Turawan mishan suka kawo wa littafin su ne yau suke ce wa Ingila ta saki hanya.

To ni inda na fi tsayawa shi ne ƙuri'ar nan ta 1998. Waɗanda suka yi rinjaye sun yi murna, amma fa duk wanda ya yarda a ɗaga hannu a kan hukuncin da yake cewa na Allah ne, ya riga ya yarda cewa gobe wasu hannuwan za su iya sauya shi. Haka kuwa aka yi. A Fabrairun 2023 majalisar Cocin Ingila ta amince a riƙa sa wa masu zaman jinsi ɗaya albarka, amma ta ce aure dai yana nan tsakanin namiji da mace. Wai a raba gardama. Masu neman auren suka ce an ba su rabi, masu riƙo da nassi suka ce an halatta abin ta bayan gida.

Shi ya sa nake ganin rigimar ta wuce maganar luwaɗi. Wa ke da magana ta ƙarshe, littafi ko majalisa? Masu cewa a yi haƙuri a zauna tare suna da hujja, don rabuwa ba wasa ba ce, har kotu aka je a Amurka a kan gine-ginen coci. Amma mutum biyu da suka saɓa a kan wane ne alƙalinsu, ban ga inda za su kai ƙara ba. A Afrilun 2023, a taronsu na Kigali, masu riƙo da nassin suka fito ƙarara suka ce ba su ƙara ɗaukar Justin Welby na Kantabari a matsayin jagoransu.