Tsagewar Bango Da Laifin Ƙadangare

Akwai karin maganar da muke yawan jefawa idan an zalunci wani, wato sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Na daɗe ina faɗinta ban taɓa auna ta ba, sai ranar da nake ba ɗalibaina tarihin ƙasar Folan, wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "To Malam, ai su suka ja wa kansu." Maganar nan ta bi ni har gida.

Ga abin da ya faru. A 1569 Folan da Lituwaniya suka haɗe suka zama daula guda, ɗaya daga cikin mafiya faɗi a Turai. Sarkinta zaɓensa ake yi, kuma tun daga 1652 wata al'ada ta kafu a majalisarta: ɗan majalisa guda in ya miƙe ya ce bai yarda ba, zama ya watse, duk abin da aka zartar ya rushe. Ashe maƙwabcin da ke son gurgunta ƙasar mutum ɗaya kawai zai saya. A 1772 Rasha da Furushiya da Ostiriya suka yanki kusan sulusin ƙasar. A 1793 Rasha da Furushiya suka ƙara yanka, a 1795 su ukun suka raba ragowar. Folan ba ta sake bayyana a taswira ba sai 1918, bayan shekara 123.

To, yaron nan bai yi ƙarya ba, bango ya tsage. Amma mai karatu ya tambayi kansa, wa ya hana a liƙe shi? Tun 1764 Rasha da Furushiya suka ƙulla cewa ba za su bari a taɓa tsarin mulkin Folan ba, domin rauninsa shi ne amfaninsu. Da mutanen ƙasar suka farga, ranar 3 ga Mayu 1791 suka kafa sabon tsarin mulki, suka soke al'adar nan ta mutum guda. Shekara na zagayowa sojan Sarauniya Katarina ta Rasha suka shigo. Wato ba a far musu don sun bar tsaga ba, an far musu ne don sun kwaɓa ƙasa za su yaɓe ta. A majalisar da aka tara a Gurodno a 1793, soja na kewaye da su, wakilai suka ƙi buɗe baki har dare ya raba, sai aka ce ai shiru yarda ne. Tirƙashi!

Ban wanke 'yan gida ba. Wasu manyan Folan ne, waɗanda ake kira 'yan Targobitsa, suka gayyato Rasha don kada gatansu ya ragu. Sai dai laifi ba gado ba ne da za a ce in kason wane ya ƙaru na wane ya ragu. Wanda ya kwana ƙofa a buɗe ya yi sakaci, amma ban taɓa jin alƙalin da ya sassauta wa ɓarawo don wannan ba.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce Mariya Tareza ta Ostiriya. A 1683 sarkin Folan, Sobiyeski, shi ya kawo rundunar da ta ceci birnin Biyana daga Turkawa. Ita kuwa ta san rabon nan zalunci ne, ta nuna damuwarta, ta yi ta jan ƙafa. Daga ƙarshe hujjar da ta rinjaya ita ce, in ba ta karɓa ba maƙwabta za su cinye su fi ta ƙarfi. Wannan hujja kam mun san ta, in ban ci ba wani zai ci, kuma ni kaina ba zan rantse ban taɓa kawo ta ba.

'Yan'uwa marubuta, azzalumi mai dariya ba ya da wuyar zanawa a labari. Mai wuya ita ce wannan, wadda ta sa hannu zuciyarta na ƙuna, sannan ta karɓi lardin Galishiya, har da mahaƙar gishirinsa.