In Tukunya Ta Kife, Laifin Wane Dutse Ne?

Duk wanda ya tashi a gidan da ake girki da itace ya san murhu dutse uku gare shi, kuma da zarar an zare ɗaya, sauran biyun ba su iya riƙe tukunya komai girmansu. Da wannan misali muke so mu shiga wata tambaya da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya: idan sana'ar da ke ciyar da yanki guda ta mutu, alhali ɗan kasuwa da malami da hukuma kowa na rantsuwa ya yi aikinsa, shin akwai mai laifi a cikinsu, ko kuwa sai dai a ce ƙaddara a shafa fatiha?

Don kada mu yi ta magana a iska, bari mu ɗauki auduga da masaƙun Kaduna. A 1922 aka kafa tashar binciken aikin gona a Samaru, wadda ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A can masana ke fitar da irin da ya dace da ƙasarmu, malamin gona ya kai wa manomi a ƙasar Funtuwa da Malumfashi da Gusau, hukumar ciniki ta saye abin da aka noma, a kai injin gurza, a loda wa jirgin ƙasa. A 1957 masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri, bisa haɗin guiwar Gwamnatin Jihar Arewa da kamfanin David Whitehead na Ingila, daga baya irin su UNTL da Arewa Textiles suka biyo sahu. Makarantu kuma suka shiga horar da masu sarrafa injin da masu rini. Wato ilmi ya ba da iri da ma'aikaci, ɗan kasuwa ya zuba jari, hukuma ta shimfiɗa hanya ta ba da kariya. Dubban magidanta suka ci abinci, har da mai sayar da tuwo a bakin ƙofar masaƙa da mai ba da hayar ɗaki.

To, sai duwatsun suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. A 1986, ƙarƙashin shirin SAP na tayar da komaɗar tattalin arziki, aka rushe hukumomin ciniki ba tare da an tsayar da wanda zai ɗauki nauyin raba iri mai kyau da tantance auduga ba. Darajar naira ta faɗi, kayan gyaran injin suka yi tsada, wutar lantarki ta zama sai an gani, yadin waje ya yi ta kwararowa ta fasa-ƙwauri. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007. Ma'aikata da dama sun rasu suna jiran haƙƙinsu na sallama.

Abin lura shi ne kowa na da hujjar kare kansa, kuma hujjar ba ƙarya ba ce. Ɗan kasuwar Kantin Kwari zai ce shi ciniki ya fito, talaka na neman atamfa mai rahusa, shi kuwa ya kawo masa, ina haram a nan? Malamin jami'a zai ce ya yi bincike, ya rubuta, ya yaye ɗalibai, ba aikinsa ba ne ya bi masaƙa yana talla. Jami'in gwamnati zai ce ya bi doka da umurnin na gaba. In aka auna kowa shi kaɗai, sai a sallame shi. Amma ga masaƙa a kulle, ciyawa ta cinye harabarta.

A nan ne muke ganin malamanmu na fiƙihu sun riga mu hango bakin zaren. Sun raba wajibi gida biyu: wanda ya hau kan kowane mutum shi da kansa, da kuma faralu kifaya, wanda idan wasu suka yi ya faɗi a kan saura, idan kuwa aka rasa mai yi, zunubin ya game kowa. Sallar jana'iza ce misalin da muka fi sani. Amma Imam Gazali, a cikin Ihya'u Ulumid Din, ya sanya likitanci da lissafi da noma da saƙa cikin wannan sahu, domin rayuwar al'umma ba ta tsayuwa sai da su. Ma'anar wannan a wurinmu ita ce, akwai laifin da ba a samunsa a aikin da mutum ya yi, sai a gurbin da kowa ya gani ya wuce. In gawa ta kwana a unguwa ba a yi mata sutura ba, babu wanda zai kuɓuta da cewa ai shi yana shagonsa.

Saboda haka, a ganinmu, haɗin kan waɗannan ɓangarori uku bashi ne a wuyan kowannensu. Attajiri bai koya wa akawunsa lissafi ba, makaranta ce ta koya masa. Malami bai gina ajin da yake koyarwa ba, harajin manomi da ɗan kasuwa ne ya gina. Hukuma kuwa ba ta noma ba ta saƙa. Tunda kowa na cin guminsa haɗe da na ɗan'uwansa, cewa "ba ruwana" cin amana ne, ko da doka ba ta kama mai faɗinsa ba.

Sai dai wani zai ƙalubalance mu, kuma yana da gaskiya. Zai ce ai sau da yawa in manya suka zauna a ɗaki guda, talaka ne ke ji a jikinsa. Hukumomin cinikin nan da muke yabo, sananne ne sun riƙa biyan manomi ƙasa da farashin kasuwar duniya, rarar ta tafi wasu ayyuka da ba a tambayi ra'ayinsa ba. Kariyar da ake ba masana'anta ma tana iya sa mai ita ya yi kwance, ya ƙi sabunta injinsa. Ga kuma haɗarin malami ya koma mai faɗin abin da mai kuɗi ke son ji. Wannan duk haka yake, kuma shi ya sa muke rarrabe haɗin kai da haɗin baki. Ma'aunin da muke ba da shawara shi ne a duba abu biyu: wa ke cin abin da aka dafa, kuma wa ke ɗaukar asara ranar da ta ƙone? In ribar ta tsaya ga mutanen ɗakin, asarar kuma ta faɗa kan manomi da leburan masaƙa, to haɗin baki aka yi, ko da an yi masa liƙi da sunan ci gaba.

Mu marubuta ma kada mu ɗauka muna gefe. Gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar hukuma ce ta shirya ta, malaman makaranta ne suka amsa kira, azuzuwa kuma suka zama kasuwar littattafan. Kamfanin NNPC na Zariya da aka kafa a 1966 shi ma haɗin guiwa ne da Macmillan. Da wannan tsari ya raunana, marubuci ya wayi gari shi ne mawallafi, shi ne mai gyara, shi ne mai bin bashi a kasuwa. Mun ɗanɗana zafin murhu mai dutse ɗaya, don haka mun fi kowa cancantar yin magana a kai.

Abin da ke hannunmu shi ne alƙalami. Mu je Kakuri mu zauna da tsofaffin ma'aikata tun suna raye, mu rubuta yadda aka gina da yadda aka rushe, ba tare da mun wanke wani ɓangare ba. Mu gayyaci ɗan kasuwa da malamin gona da jami'in ma'aikatar ciniki zuwa zaman karatunmu, su ji juna. In ba mu yi ba, kuma wani bai yi ba, mun dai ji hukuncin faralu kifaya. Allah ya ba mu ikon sauke nauyin da ya hau kanmu, amin.